Dam ɗin Weija ya cika, me ya sa famfonmu da bohol ɗinmu ba su ji ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kwamitin wani masallaci ne a Sabon Zango, nan Accra. Kusan kowace damina sai mu ji a rediyo cewa dam ɗin Weija ya cika za a buɗe ƙofofinsa, mutanen Tetegu da Oblogo su tashi. Amma a daidai lokacin nan sai mu yi kwanaki famfo bai kawo ba, yara na ta yawo da galan. Bohol ɗin da muka haƙa don alwala shi ma ruwansa ya ragu, ga shi ya fara zartsi. Wai wa ke auna ruwan nan, yaya ake auna shi, kuma ina yake tafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya saka da alheri kan hidimar masallaci. Ruwa iri uku ka haɗa cikin tambaya ɗaya: wanda ke gudu a kogi, wanda aka tare a dam, da wanda ke kwance cikin ƙasa. Duk daga sama suka sauko, amma kowanne da saurin tafiyarsa. Kogi yakan tashi cikin awoyi, dam yakan ɗauki makonni ko watanni, na ƙasa kuwa wani lokaci sai shekara ta zagayo kafin ya nuna an yi damina. Saboda haka cikar ɗaya ba ta ba da labarin sauran.

Bari mu fara da kogi, don shi ne tushen lissafin. Ruwan da ke Weija ba ruwan saman Accra ba ne. Kogin Densu ne ke kawo shi, tun daga tsaunukan Atewa, ya ratso ta Nsawam ya sauko. Accra kanta ba ta da yawan ruwan sama, wajen milimita 800 take samu a shekara, abin da bai kai na Kumasi ba ko kusa. Don haka ana iya kwana uku ba a ga ɗigo a Sabon Zango ba, dam kuwa yana ta hauhawa saboda ruwan da aka tafka a can sama.

Idan ka tsaya kan gadar wani babban kogi ka duba jikin ginshiƙi ko bakin gaɓa, za ka ga wani allon ƙarfe siriri a tsaye, an zana masa lambobi da layuka. Shi ne ma'aunin tsayin ruwa. A al'ada akwai mutum ɗan garin da ake ba ɗan alawus, ya zo safe da yamma ya karanta inda ruwa ya tsaya ya rubuta a littafi. Yanzu wasu tashoshin an sa musu na'ura mai rubutawa da kanta, wasu ma suna turo adadin ta layin waya. Amma tsayi kaɗai ba ya gaya maka yawan ruwan da ke wucewa. Dole ma'aikata su shiga kogin, da ƙafa idan rani ne, da kwalekwale idan damina ce, su ja igiya daga gaɓa zuwa gaɓa, su auna zurfi taki-taki, su tsoma wata 'yar farfela da ke ƙirga saurin gudun ruwan. Sai a ninka faɗi da zurfi da sauri. A ce faɗin kogi mita 20 ne, zurfinsa mita 1, ruwan na tafiyar rabin mita a daƙiƙa, to lita 10,000 ke wucewa kowace daƙiƙa, wato galan ɗin Kufuor mai cin lita 25 har guda 400.

Ana maimaita wannan awo a lokuta daban-daban, ruwa a ƙasa, ruwa a tsakiya, ruwa a cike, har a sami jadawalin da zai ce in allo ya nuna kaza to ruwa kaza ke wucewa. Daga nan littafin mai karanta allo ya zama lissafin kogi na shekara da shekaru. Inda gizo ke saƙa shi ne jadawalin nan yana tsufa. Ambaliya ɗaya ta isa ta kwashe yashin gindin kogi ko ta jibge wani, masu ɗiban yashi su canza gaɓa, ga laka da galamsi, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ke turowa cikin koguna irin su Pra da Offin da Ankobra da Birim. Da zarar cikin kogin ya sauya, allo zai ci gaba da nuna lamba, amma ma'anar lambar ta tashi. A ganina tashar da ba a sake awonta ba ta fi wadda babu ita haɗari, domin ita za a yarda da ita.

Wannan aiki a ƙasar nan yana hannun Hukumar Lura da Ruwaye ta Ghana, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohon sashen gwamnati da ke yin sa. Tashoshi irin su Pwalugu da Nawuni a kan Farin Volta, Bamboi a kan Baƙin Volta, da Saboba a kan Oti, su ne idanun da ake ganin ruwan arewa da su kafin ya iso kudu. Ƙasashe shida ne ke raba kwarin Volta: Ghana, Burkina Faso, Togo, Benin, Mali da Kwaddibuwa. Shi ya sa duk shekara wajen Agusta ko Satumba kake jin ana cewa za a buɗe dam ɗin Bagre na Burkina Faso, hukumar kula da bala'o'i ta NADMO ta fara kiran manoman bakin Farin Volta su kwashe amfaninsu.

Dam ya fi kogi sauƙin awo, tunda ruwan a tsaye yake. Allo ne shi ma, ana karantawa kullum. Weija, wanda aka gama a 1978, iyakar da aka ɗibar masa ita ce ƙafa 48. In ruwa ya doshi nan kuma ana ganin wani na tafe daga Densu, babu zaɓi sai a saki, don gara a sake shi da hannu a kan ya haura bango ya fasa. Ruwan da aka saki ya wuce ke nan, ta Tetegu ya faɗa teku. Ba a iya juya shi cikin famfo, domin abin da ke shiga famfo sai ya bi ta matatar ruwa, ita kuma tana da iyakar abin da take iya tacewa a rana, ko dam a cike yake ko a rabi. A damina ma aikin ya fi wuya: ruwan ya zo da laka, magani ya ƙaru, matatai su riƙa toshewa. Ƙara da ɗauke wuta, da tsofaffin bututu masu yoyo, da garin da ya ninka kansa tun bayan da aka shimfiɗa su, sai a koma rabon ruwa unguwa-unguwa. Amsar famfonku ke nan a taƙaice, kuma ma'aunin dam ba shi da ta cewa a ciki.

Akwai wani abu da lambar allo ke ɓoyewa. Tsayi take nunawa, ba ta san abin da ke ƙasa ba. Kamar randa ce da laka ta kwanta a gindinta: za ka ganta cike har baki, amma ba ta ɗauki ruwan da take ɗauka da ba. Dam ɗin da ya cike da laka ya fi saurin cika da damina, ya fi saurin ƙafewa da rani. Ba a gane hakan sai an zagaya da jirgin ruwa mai na'urar auna zurfi an sake zana cikin tafkin. Mutanen Kumasi sun san wannan magana game da dam ɗin Owabi, wanda aka gina tun 1928, da Barekese na kan kogin Offin.

Dam ɗin Akosombo, wanda ya tare tafkin Volta, shi ne babban misali na yadda lokacin dam ya saɓa da lokacin gari. Hukumar Kogin Volta, wato VRA, tana aiki da shi tsakanin ƙafa 240 a ƙasa da ƙafa 278 a sama. Tafkin Volta ya kai faɗin murabba'in kilomita 8,500, saboda haka idan ya kusa cika, ƙafa ɗaya tak tana nufin ruwa sama da kubik mita biliyan biyu da rabi. A watan Yuni da ruwa ke cin unguwannin Alajo da Circle a nan Accra, tafkin yana dab da mafi ƙanƙantarsa na shekara, domin yawancin ruwansa daga arewa yake zuwa, inda marka ba ta kankama sai Agusta da Satumba. Sai wajen ƙarshen Oktoba ko Nuwamba yake kai ƙololuwa. A 2007 ya faɗi ƙasa da ƙafa 240 aka sha rabon wuta. A Satumban 2023 kuma ya doshi iyakarsa ta sama, aka buɗe ƙofofi, ruwa ya mamaye Mepe da Battor da wasu garuruwan ƙasan dam.

To yanzu bohol, wanda shi ne nake so kwamitinku ya fi mai da hankali a kai, domin shi ne ba wanda zai auna muku. Mutane da yawa suna ɗauka akwai wani kogi ko tafki a ƙarƙashin ƙasa. A yawancin ƙasar Accra da Kumasi ba haka ba ne. Dutse ne mai tauri, ruwan yana maƙale cikin ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa. Shi ya sa maƙwabcinka zai haƙa ya dace, kai ka haƙa taku hamsin daga nan ka tashi a tutar babu. Abin da ke sake cika tsagogin nan shi ne ruwan saman da ya sami damar nutsewa. A unguwa irin taku da rufi ya haɗe da rufi, tsakar gida siminti, lungu siminti, ruwan yakan bi kwata ya tafi tafkin Korle tun bai jiƙa ƙasa ba. Ga kuma bohol a gida-gida, kowa na zuƙa daga tsagogi ɗaya.

Zartsin kuma sananne ne a filin Accra. Wani daga duwatsun ne da ƙarancin ruwan saman da zai wanke su, wani kuma a kusa da gaɓa teku ce ke kutsowa idan aka ja ruwan daɗi fiye da kima. Wannan na biyun shi ne abin tsoro, domin in gishiri ya shigo ba ya saurin fita.

Hukumar Albarkatun Ruwa, wadda aka kafa da dokar 1996, ita ke ba masu haƙa lasisi, kuma Cibiyar Binciken Ruwa ta CSIR, hukumar binciken kimiyya ta ƙasa, tana nazarin ruwan ƙasa. Akwai rijiyoyin da aka ware don awo kawai, ba a ɗiba daga cikinsu, amma ba su kai yawan da zai ba da labarin unguwa guda ba. Taurarin ɗan'adam na GRACE, da aka fara harbawa a 2002, suna gano ƙaruwa ko raguwar ruwa a yanki mai faɗin ɗaruruwan kilomita. Masallacin Sabon Zango bai isa ya bayyana a wurinsu ba.

Ga abin da za ku yi. Ku fara neman takardar da mai haƙa ya kamata ya bar muku: zurfin ramin, inda aka tarar da ruwa, inda ruwan ya tsaya ranar da aka gama, yawan da yake bayarwa a awa, da zurfin da aka rataye injin. Sannan ku sa mai gyaran famfo ya zura muku siririn bututu a gefen na injin, don abin awo kada ya sarƙe da waya. Ma'aikata suna amfani da tef mai ƙarfe a baki, wanda ke yin ƙara da ya taɓa ruwa. In babu shi, igiya mai tsabta da ɗan ƙarfe mai rami a ƙasa ta wadatar, za ku ji "ɓul" idan ya sauka kan ruwa, sai a damƙe igiyar daidai bakin bututu a fito da ita a auna. A yi awon da asuba kafin a kunna inji, bayan ramin ya huta dare guda, daga wuri ɗaya kullum, sau ɗaya a mako. Ladan ko wani matashi mai kula zai iya riƙe littafin. A rubuta kwanan wata, zurfin ruwa, da mintin da tankin ya ɗauka kafin ya cika.

Ku sayi 'yar na'urar gwada gishiri irin ta masu sana'ar fiya wata, ba ta da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin ruwan da narkakkun gishirinsa ba su kai miligiram 600 a lita ba yana da daɗin sha, wanda ya haura 1,000 kuwa baki ya fara ƙin sa. Wannan na'ura ba ta ganin ƙwayoyin cuta, don haka in ana shan ruwan, ga masai a kusa, a kai samfuri ɗakin gwaji ko sau ɗaya a shekara.

Bayan damina ɗaya da rani ɗaya littafin zai fara magana. In ruwan asuba yana nan inda yake amma tanki na jinkirin cika, matsalar inji ce ko ramin ya toshe, a wanke shi. In yana sauka da rani ya dawo bayan damina, lafiya lau, a rage ja a watannin Janairu zuwa Maris. In kuwa kowace shekara yana komawa ƙasa da bara, gishiri kuma na hawa, kada ku yarda da shawarar a ƙara zura injin ƙasa, domin ruwan gishiri ya fi nauyi, a ƙasan yake. A rage awoyin ja, a riƙa ja kaɗan-kaɗan maimakon a zuƙe lokaci guda, a sa indararo a tara ruwan rufin masallaci don alwala da wanke-wanke, sannan ku ɗauki littafin ku kai wa masanin ruwan ƙasa ya duba kafin ku kashe kuɗin jama'a kan sabon rami.