Riba na shigowa, amma kamfani ba ya jure girgiza

Malam, ka tambayi dalilin da kamfani mai riba kan durƙushe da ƙaramar girgiza. Fara duba abin da ake ba shugabanninsa lada a kai. In alawus ɗin manaja ya rataya kan ribar wata uku, zai jinkirta gyaran injina, ya dogara da dillali guda don araha, har ranar da dillalin ya gaza.

Bankin Wells Fargo na Amurka ya matsa wa ma'aikata kan yawan asusu, suka riƙa buɗe wa mutane ba da saninsu ba. A 2016 aka ci shi tarar dala miliyan 185.

Kuskuren shi ne auna abu ɗaya tak. A ganina, a riƙe wani kason ladan sai bayan shekaru. Amma kafin ku taɓa kwantiragin kowa, ku nemi lauya da akanta.