Bin taya ba laifi ba ne, amma akwai bashi a ciki

Wa alaikumus salam ƙanena. Kace ka shiga tserenka na farko, ku biyar kuka ɓalle daga ayari, kai ka lafe a bayan huɗun nan tun daga tsakiyar tsere baka fito gaba ko sau ɗaya ba, da ya rage kamar mita 200 sai ka zabura ka wuce su duka, aka gama suka yi maka caa, ɗaya ma ya ƙi baka hannu. Kana tambaya wai doka ka karya ne ko dai baƙin ciki ne kawai suke yi. Toh gaskiya ɗaya ce, baka karya doka ba, babu alƙalin tseren da zai ƙwace maka matsayinka akan wannan. Amma kuma mutanen nan ba baƙin ciki suke ba, ka ci guminsu ne, kuma ni ma da ina cikinsu da sai ka ji daga bakina.

Bari in fara da abinda yasa abin yake da zafi haka, dan in baka gane shi ba zaka ɗauka rigima ce kawai irin ta 'yan keke. A shimfiɗaɗɗiyar hanya irin tamu ta Legas da babu wani tudun kirki, abinda kake faɗa dashi in ka wuce gudun kilomita 30 a awa ba nauyinka bane ba kuma kwalta bace, iska ce, ita ke cinye mafi yawan ƙarfin da kake zubawa a feda. Kuma ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, in ka tashi daga 30 zuwa 40 ƙarfin da kake buƙata dan tsaga iskar ya ninka biyu har da ɗoriya. Wanda ke bayan taya ɗaya tal kuwa yana samun sauƙin kusan kashi 30 cikin 100. A 2018 wani farfesa Bert Blocken na jami'ar fasaha ta Eindhoven a Holan yayi gwaji da siffar ayarin mahaya 121, ya samu cewa wanda ke can tsakiya ta baya iskar da ke dukansa bata wuce kashi 5 zuwa 10 na abinda mai tafiya shi kaɗai yake sha ba. Mu dai ayarinmu bai kai wannan girman ba amma ka gane inda na dosa. Wato duk tsawon lokacin da kuka ɓalle, su huɗun suna karɓa-karɓa suna shan iska, kai kana hutawa a inuwarsu, ƙafar da ka wuce su da ita a ƙarshe su suka tara maka ita.

A cikin babban ayari babu wanda zai ce maka uffan dan ka ɓuya. Hasali ma wayon tsere kenan, manyan masu gudun ƙarshe na Tour de France, babban tseren keken nan na ƙasar Faransa, haka suke wuni a ɓoye basa ganin iska sai an zo mitocin ƙarshe, amma ka lura su suna da 'yan ƙungiyarsu da ake biya albashi dan su ja musu, wato su shiga gaba su tare musu iska. Kai kuwa ba wanda ka biya. Da zarar kun ɓalle ku kaɗan lissafi ya canza, dan ɓallewar bata rayuwa sai kowa ya sa hannu, kuma duk wanda ya zauna a ciki ana ɗauka ya yarda da sharaɗin ko da ba a furta ba. Uzuri biyu na sani da ake karɓa. Na farko in kana da ɗan ƙungiyarku a gaba shi kaɗai, ko kuma gwaninku yana baya a ayari kuna so a kamo ku, wannan kowa ya san ba zaka ja ba kuma ba mai jin haushi sosai. Na biyu in ƙafarka ta mutu da gaske. Shi kuma wannan da baki ake faɗa, kace musu jama'a ni na ƙare, ku barni in rataya a baya ba zan yi takara daku a ƙarshe ba, sannan ka cika alkawarin, ko da ƙarfi ya dawo maka a kilomita ta ƙarshe ka shigo a bayansu. Abinda ke ɓata wa mutane rai shine mutum yayi ta haki yana girgiza kai duk lokacin da aka masa alama, ana hango layin gama tsere kuma ya warke sarai.

Kuma ka sani 'yan tseren garin nan ba wani yawa garesu ba, fuskokin da ka gani a wannan tseren su zaka gani a na gaba, su zaka tarar a titin Bourdillon na Ikoyi da asuba. Akwai yanda ake maganin mai maƙalewa kamar kaska, ɗayansu zai zauna a gabanka ya sassauta feda da gangan har tazara ta buɗe tsakaninku da sauran, ko ka fito ka rufe ta da ƙarfinka ko ku tafi baya tare, in ka rufe wani ya sake yi maka, a na uku ka fita daga lissafi, na gaba yayi gaba na baya sai labari. Ranar da tayarka ta yi faci a hanyar Epe kuma ba wanda zai ce a jira ka.

Abin dariyar ma ja ɗin da ka gudu ba wani abu bane mai wuya. Sabbin shiga suna ɗauka in sun fito gaba sai sun nuna bajinta, sai mutum ya karɓa ana 38 ya kaita 43, ya tarwatsa layin, bayan minti ɗaya ya fashe ya faɗo baya ya kasa ko kama tayar ƙarshe. Ba haka ake yi ba. Ka duba gudun da ake kafin na gabanka ya kauce, ka riƙe shi daidai, in ƙarfinka kaɗan ne kayi daƙiƙa 15 ko 20 ka sauka, wallahi ba wanda zai raina, ja gajere a gudun da ake yafi dogon ja da ke rage wa mutane gudu. In zaka sauka ka ɗan kaɗa gwiwar hannu dan na baya ya san nashi ne, ka kauce a hankali kana ci gaba da taka feda, kar ka saki gaba ɗaya, sannan kafin mutum na ƙarshe ya wuce ka ka fara ƙara wuta dan ka faɗa bayansa ba tare da tazara ba. Wannan komawar ita tafi kayar da mutane, a nan ake barin yawancin waɗanda ake bari.

Ɓangaren da zaka kauce kuma iska ce ke faɗa, kullum ka kauce ta inda take busowa. A yankin Lekki in rana ta ɗaga iskar teku tana zuwa ta gefe, to a nan mafaka ba a daidai bayan mutum take ba, tana ɗan gefe ne ta ɓangaren da iskar bata bugowa, shi yasa zaka ga layi ya karkace. In an rufe hanya dan tsere ba matsala, amma a atisayen Asabar da motoci ke wucewa kar ku baje titi dan neman inuwa, gara ku rabu ƙananan layuka.

Yanzu ga abinda yafi damuna akan duk maganar wa ya ja wa bai ja ba, dan ita waccan zuciya kawai take ɓatawa, wannan ƙashi yake karyawa. Kar tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan mutum. Ko kaɗan. In ya ɗan kauce ya goge ka shi ko ji ba lallai yayi ba, kai ne zaka sha ƙasa dan tayar gaba ita ke riƙe da daidaiton keke, kuma duk na bayanka akanka zasu zube. Na gani da idona wajen Sangotedo, muna layi ɗaya, wani yaro mai ƙarfi sosai ya bar tayarsa ta shige ta daman na gabansa da kamar tafin hannu, sai ga yashin da tifofi ke zubarwa a gefen titi, na gaban ya kauce masa ba tare da wani garaje ba. Ƙarar da na ji ta farko ta wayoyin taya ce suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, yaron ya jingina da tayar kamar zai tsira sai kan keken ya juye, mutum uku suka bi ta kansa, gorunan ruwa suna gangarawa tsakiyar titi wata danfo tana ta hon. Shi yaron ƙashin wuyansa na kafaɗa ya karye, rigar ta manne da naman cinya da kafaɗa sai da aka jiƙa aka ɓanɓare, wanda ya faɗo ta kansa kuma hular kwanonsa ta tsage gida biyu ya tashi yana tambayar ina muke.

Ka yi lissafi ma, a gudun 40 kana cin mita 11 a daƙiƙa ɗaya, kafin idonka ya gani hannunka ya matsa birki ka riga ka ci kusan mita 3, kai kuma tsakaninka da tayar na gabanka bai kai rabin mita ba. Kaga kenan kallon taya bashi da amfani. Ka kalli ta saman kafaɗar na gabanka, mutum biyu uku gaba, ka ga abinda zai faru kafin ya iso. Kuma tunda kai sabo ne ka bar tazarar kamar tsawon taya ɗaya, har yanzu kana samun inuwa mai yawa. In ka ga kana cimma mutum kar ka damƙi birki, ka sassauta feda ko ka ɗan ɗago ƙirji iska ta rage ka, in dole ne ka shafa birkin shafawa. In zaka miƙe tsaye akan feda, misali a hawan gadar Lekki-Ikoyi, ka sani keken yana ja baya kaɗan a daidai lokacin da ka tashi, dan haka ka tashi kana danna feda da ƙarfi. Shan ruwa, ɓare ayaba, fyace majina, duk ka bari sai ka koma baya, ba wanda ya fito da asuba dan ya sha majinar wani.

Na gaba shine idon na baya, a titunanmu kuwa wannan ba ƙaramin aiki bane. Rami, murfin kwalbati da aka sace, ledar fiya wata, tudun rage gudu, ɗan okada da ke tahowa ta hannun da ba nashi ba, Keke Marwa da zai tsaya cak dan ya hango fasinja. Ka nuna da yatsa ka kuma ɗaga murya, na baya ya miƙa wa na bayansa har ƙarshen layi, ba wai na farko ya faɗa sauran suyi shiru ba. Kuma ka kauce wa ramin tun daga nesa a hankali, mugun abu shine ka kai bakinsa ka fizge ka bar na bayanka ya afka. Lokacin damina, musamman Yuni da Yuli, duk ruwan da ya kwanta a titi ka ɗauka akwai rami a ƙarƙashi, ka ƙara tazara dan birki baya ci da wuri. Maganar bin bayan tirela ko tankar mai a hanyar Ibeju-Lekki dan shan inuwa kuwa bana ma son jinta, direban bai san kana nan ba.

Gudun ƙarshe shi yana da doka a rubuce, ba al'ada bace kawai, in ka ɗauki layi ka tsaya akansa. A 2020 a tseren ƙasar Folan, a Katowice, Dylan Groenewegen ya matse Fabio Jakobsen har ya afka shingen gefe, da ƙyar ya rayu, hukumar tseren keke ta duniya UCI ta dakatar da Groenewegen wata 9. Hular kwano ma sai da Andrei Kivilev ya rasu a tseren Paris-Nice a 2003 kafin aka wajabta ta ga ƙwararru, dan haka kar in ganka da ita a rataye a kan keke. Waɗancan sandunan da ake kwantar da hannu akai na tseren agogo, wanda kowa ke tafiya shi kaɗai ana auna lokacinsa, ba a shiga ayari dasu, hannunka yayi nisa da birki, a shi tseren agogon kuma bin taya haramun ne gaba ɗaya. Sannan in a atisaye ka cimma wanda baka sani ba kar ka lafe masa shiru, kayi sallama ka tambaya, dan shi bai san akwai mutum a bayansa ba zai iya taka birki ko ya kauce yanda yaga dama.

Abinda zan ce kayi yanzu, kar ka tsaya dogon bayani a waya ko ka kawo musu maganar doka, zai ƙara ɓata abin ne. Ka same su kafin a tashi atisaye, ka gaishe su, kace tserenka na farko ne baka san tsarin ba, in akwai 'yar kyauta da aka baka ka saya musu ruwa da abin karyawa bayan an dawo, yawancinsu a nan maganar zata mutu. A tsere na gaba kuma in kun sake ɓallewa ka zama cikin na farkon karɓa ko da gajere ne, in ka ja rabonka ka kuma doke su a layi ba mai cewa komai sai barka. Mu muna fita Asabar bayan sallar asuba, kazo da fitilar gaba da ta baya dan da sauran duhu lokacin, zan sa ka a bayana mu yi ta karɓa-karɓa a gudun 30 har hannunka ya saba da alamar, in ya zauna sai mu ƙara.