Abin da Ya Karya Bakanka Tun Jan Farko

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa bakan da ka sassaƙa ya karye tun jan farko, alhali icen dargaza mai kyau ka samo daga wajen Ningi, kuma ka bar shi ya bushe a inuwa har wata 6 kamar yadda na umarce ka. Na duba karayar da kyau. Icen ba shi da laifi, a bayan bakan ka sa gizago.

Duk lokacin da maharbi ya ja tsirkiya, gefen da ke fuskantar abin harbi, wato baya, miƙewa yake yi, shi kuwa cikin da ke fuskantar maharbin matsewa yake yi. Jijiyoyin icen da ke kwance ƙarƙashin ɓawo su ne ke ɗaukar wannan miƙewar, kuma sun taho ne daga wannan kai zuwa wancan ba tare da yankewa ba. Da ka ga ɗan ƙulli a baya ka sare shi don bakan ya yi sumul, sai ka datse su, ya zama kamar igiyar guga da aka yi wa tsaga: ba ta nuna komai sai ta ji nauyin ruwa. Saboda haka ɓawo kawai ake ɓarewa a baya, tun icen yana ɗanye, ƙulli kuma a bar shi da kaurinsa ko da bai yi wa ido daɗi ba.

Duk ragin da za a yi, a ciki ake yin sa, kuma da zarar siffa ta fito sai a ajiye gizago a koma kankara da wuƙa. Ka ɗaura doguwar igiya sako-sako, ka ja kaɗan, ka sa wani ya riƙe maka, ka koma gefe ka duba lanƙwasar. Inda ya ƙi tanƙwaruwa nan za ka kankare. Inda ya riga ya tanƙwaru da yawa kada wuƙarka ta taɓa wurin, domin nan ne zai fara gajiya. A nan masu koyo suka fi yin gaggawa, ni kuwa a ganina gara a yi kwanaki ana kankara da a ƙara jan da icen bai saba da shi ba.

Sabuwar sandar da za ka yanko, dargaza ce ko ɗunɗu, ka shafe kawunanta biyu da kakin zuma, in ba haka ba iskar hunturun Bauchi za ta tsattsaga ta kafin ta bushe. Idan an gama aikin a shafa man kaɗe, kada a saki tsirkiya babu kibiya, kuma a kwance ta bayan harbi. Wannan karon ka kawo mini sandar in gani kafin ka ɗaura tsirkiya.