Ɗiyata, takardarki ba ta ƙetare teku

Saƙon muryarki ya same ni cikin jirgin ƙasa, na taso daga aikin dare. Ke ce ta huɗu da ta turo mini irin wannan roƙon a watan nan. Kin ce bana za ki gama karatun ungozoma a Yamai, babanki a Tawa ya yarda ya saida shanu biyu, ni kuma in nemo miki hanyar zuwa Faransa ki kama aiki. Sauran ukun na ba su amsa a taƙaice. Ke jinina ce, sai ki zauna ki ji.

Shekara bakwai na yi ina karɓar haihuwa a yankin Tawa. Na ga mace an kawo ta a amalanke bayan kwana biyu tana naƙuda. Na tsaida zubar jini da fitilar hannu a bakina. Mai jijjiga kuwa, tun daga ƙofa nake gane ta. Da na biyo mijina nan Faransa, na ɗauki takarduna na kai wani ofishi. Matar ta duba, ta miƙo mini da ladabi, ta ce wannan ba ta aiki a ƙasarsu.

Gidan tsofaffi na samu, wanka da canza zanen gado da ba da abinci a baki. Ban raina aikin ba, kula da tsoho lada ne. Abin da ya ƙona mini rai daban ne. Wata rana wata ɗaliba ta nemi jijiya a hannun wata tsohuwa har sau uku ba ta samu ba, tsohuwar na hawaye, ni kuma ina tsaye ina ganin jijiyar ƙuru-ƙuru. Doka ta hana ni taɓa allura. Na rungume hannuwana a baya don kada su kai da kansu. Ranar na yi kukan da ban yi ba ko ranar da na bar gida.

Ga yadda abin yake. Takardar jinya da aka samu a wajen Tarayyar Turai ba ta ba mutum izinin aiki a Faransa. Sai ya koma makarantarsu, wadda suke kira IFSI, karatun shekara uku. Ungozoma kuwa sahun likitoci suke sa ta. Karatunta shekara biyar ne, dokar 2023 ta maida shi shida. Wadda ta zo da takardar waje sai ta zauna jarabawar gasa mai guraben da ba su taka kara sun karya ba, in ta ci kuma a sa ta ƙarƙashin kulawa kafin a sake ta. Ni jinya na koma, na zauna aji ɗaya da yaran da na isa haifa, rana karatu, ƙarshen mako aiki. Na ci, alhamdu lillahi, da gumina, ba wanda ya ɗaga mini ƙafa. Amma tun da na sauka ƙasar nan hannuna bai sake tarbar jariri ba.

Na san lissafin da kuke yi, yuro ɗaya sefa 656. Haya da wuta da haraji ma da yuro ake biyansu.

Kin ambaci wani mutum da ya ce a ba shi kuɗi ya shirya komai. Kada ku ba shi ko dala. An rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai tun Janairun 2024. Ingila kuma sai da Turanci, a ci jarabawar harshen ta IELTS ko OET, sannan jarabawa biyu na NMC, hukumarsu ta ma'aikatan jinya da ungozoma. Ƙari a kan haka, Nijar na cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 saboda ƙarancin ma'aikatan lafiya, kuma Ingila ta hana dillalai zuwa farautar ma'aikata a cikinsu. Mutum na iya nema da kansa, amma mai cewa an aiko shi ɗiba ƙarya yake yi.

Abin da ya fi daɗaɗa mini a saƙonki shi ne da kika ce kina son yin aikin ceton mata masu haihuwa a duniya. To, ɗiyata, ina suke mutuwa? Mata kusan 260,000 suka rasu a 2023 ta dalilin ciki da haihuwa, kusan kashi 70 cikin ɗari a Afirka kudu da Sahara. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a ƙofar gidanku yake. Ƙungiyoyi irin su UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya da MSF, ƙungiyar likitocin agaji da ta daɗe tana aiki a Madawa, shekarun aikin hannu suke tambaya kafin komai. Abin da za ki gani cikin wata shida a asibitin haihuwa na Issaka Gazobi da ke Yamai ko a asibitin uwa da yaro na Tawa, ɗaliba a nan sai ta gama makaranta ba ta gan shi ba. Ki yi shekara biyu ko uku kina aiki, ki dage da Turanci da yamma, sannan ki nemi karatun lafiyar al'umma da tallafi. A lokacin zan tsaya miki da duk abin da nake da shi.

Ki gaya wa babanki ya bar shanunsa, ranar Juma'a zan kira shi da kaina. Ki aiko mini da hoton sakamakonki na shekara biyun farko in gani, ki kuma gaida Inna da jiki.