Filin Tambaya da Amsa: Fina-finan Barkwanci na Masu Soyayyar Jinsi Ɗaya a Netflix da Sauran Manhajoji

*Ni mai kallon fina-finan Indiya ce tun ina yarinya. Na buɗe Badhaai Do a Netflix da zaton fim ɗin biki ne irin wanda muka saba, sai na tarar ango maza yake so, amarya kuma mata. Yaushe Indiyawa suka fara irin wannan? — Wata mai karatu daga Zariya*

'Yar'uwa, fastar fim ɗin ce ta ja ki, kuma ba ke kaɗai ba. An sake shi a Fabrairun 2022. Rajkummar Rao ya fito a ɗan sanda, Bhumi Pednekar kuma malamar motsa jiki a makaranta. Kowannensu dangi sun takura masa da maganar aure, sai suka shirya su auri juna a takarda, su zauna gida ɗaya kamar 'yan haya, kowa ya ci gaba da rayuwarsa. Dariyar tana farawa ne bayan biki, lokacin da surukai suka koma tambayar da duk amaryar Hausa ta sani: shekara ta zagayo, ina labarin haihuwa?

Amsar "yaushe" tana da rana. A 6 ga Satumba 2018 Kotun Ƙolin Indiya ta soke ɓangaren Sashe na 377 na kundin laifuffuka wanda ya haramta mu'amala tsakanin manya 'yan jinsi ɗaya bisa yardarsu. Turawan Ingila ne suka rubuta wannan kundi a 1860, kuma daga jikinsa aka ciro na Sudan, wanda shi kuma aka kwaikwaya wajen tsara kundin Penal Code na Arewacin Nijeriya gab da samun 'yancin kai. Kafin hukuncin, Bollywood ta fi taɓa batun da wasa daga nesa. Dubi Dostana na 2008: Abhishek Bachchan da John Abraham ƙarya suka yi cewa masoya ne don su samu hayar gida a Miami, alhali dukansu Priyanka Chopra suke so. Bayan hukuncin ne manyan jarumai suka fi yarda su hau matsayin da gaske. A 2020 Ayushmann Khurrana da Jitendra Kumar suka yi Shubh Mangal Zyada Saavdhan, inda uba ya ga ɗansa da saurayinsa a cikin jirgin ƙasa ana hanyar zuwa bikin 'yar gida, fim ɗin kuma ya rufe da labarin hukuncin kotun kansa. A 2021 aka yi Chandigarh Kare Aashiqui, inda Vaani Kapoor ta fito a wadda aka haifa namiji ta sauya jinsi zuwa mace.

Abu ɗaya da zai taimaka miki gane Badhaai Do: soke laifi daban, halatta aure daban. A Oktoban 2023 kotun ta ƙi amincewa da auren jinsi, ta ce aikin majalisa ne. Rashin halatta auren ne ya sa auren rufa-asiri da neman izinin riƙon yaro suka zama ƙashin bayan labarin.

*Ina karatun fim a jami'a, kuma an ba mu aiki kan barkwancin wannan rukuni na shekarun nan. Waɗanne zan fara da su, kuma me ya sa wasu ba sa fitowa idan na nema? — Wani ɗalibi daga Jos*

Malam, fara da The Wedding Banquet na 2025, wanda Andrew Ahn ya ba da umarni, ka haɗa shi da na asali da Ang Lee ya yi a 1993. Kallon biyun a jere darasi ne guda. A na 1993 matsalar ita ce ɓoye gaskiya ga iyaye 'yan Taiwan. A sabon, wanda aka kafa a Seattle, auren jinsi ya riga ya halatta a Amurka tun 2015, don haka dole marubuta su nemo sabon dalilin auren bogi: saurayi ɗan Koriya yana buƙatar takardar zama, ƙawarsa kuma tana buƙatar kuɗin dashen ciki na asibiti. Kakarsa, wadda Youn Yuh-jung ta fito, ta sauka daga Koriya ba zato. Ita ce ta fi kowa a fim ɗin, a ganinmu.

Sai A Nice Indian Boy na Roshan Sethi, da Karan Soni da Jonathan Groff, labarin likita ɗan asalin Indiya da ya kai saurayinsa Bature gaban iyayensa. Akwai Fire Island na 2022, wanda Joel Kim Booster ya ɗora a kan ƙirar littafin Jane Austen, Pride and Prejudice, ya mayar da 'yan mata biyar na littafin abokai maza biyar. Akwai Bottoms na 2023, barkwancin makarantar sakandare mai rashin kunya da dambe, wanda Ayo Edebiri, 'yar Amurka da mahaifinta ɗan Nijeriya ne, ta fito a ciki. A masu dogon zango, Overcompensating ya fito a Prime Video a 2025 da kashi 8, Smiley na Sifaniya yana Netflix tun 2022. Kada ka tsallake Schitt's Creek na Kanada don ya tsufa: kashi 80 daga 2015 zuwa 2020, kuma a shekararsa ta ƙarshe ya kwashe manyan kyaututtukan Emmy na barkwanci gaba ɗaya.

Don aikinka, sa Bros na 2022 ma, ko da bai burge ka ba. Kamfanin Universal ya kashe kusan dala miliyan 22, sinima ta dawo da abin da bai kai miliyan 15 ba. Wannan faɗuwa na cikin dalilan da ake kawowa idan ana bayanin yadda irin waɗannan fina-finai suka fi zama a manhajojin kallo fiye da sinima.

Rashin fitowarsu a bincike kuwa maganar lasisi ce. Ƙasa-ƙasa ake sayar da haƙƙin nuna fim. Fire Island na manhajar Hulu ne, Hulu kuwa ba ta karɓar rajista daga Nijeriya. Wanda Netflix ko Amazon suka shirya da kuɗinsu shi ya fi saurin bayyana a ko'ina. Wanda suka yi haya yana iya kasancewa a Landan ya ɓace a Legas, ko yau yana nan wata mai zuwa an cire. Mutane kan gwada VPN. A Netflix sau da yawa abin da ke biyo baya shi ne jerin fina-finan ya ragu, don idan manhajar ta gane, sai ta nuna maka waɗanda take da haƙƙinsu a duk duniya kawai. Rubuta sunan jarumi maimakon sunan fim yakan taimaka, musamman a na Indiya da ake rubuta sunansu iri-iri.

*Ni da 'ya'yana huɗu asusun Netflix ɗaya muke amfani da shi. Ina son in san abin da fim ya ƙunsa kafin yaro ya buɗe, in kuma rufe wanda ban amince da shi ba. — Wani magidanci daga Kaduna*

Alhaji, aikin minti goma ne, amma a burauza ya fi sauƙi, ko ta waya ko ta kwamfuta. Shiga netflix.com, danna Account, sannan Profiles. Buɗe wa kowane yaro nasa shafin. Asusu ɗaya yana ɗaukar biyar, wato daidai ku. A shafin yaro zaɓi Viewing Restrictions, sa kalmar sirrinka, ka tsayar da iyakar shekaru: 7+, 13+, 16+ ko 18+. A ƙasa akwai gurbin rubuta sunan fim ɗin da kake so a toshe ɗaya bayan ɗaya. Ka danna Save, in ba haka ba duk aikin ya tashi a banza.

Kuskuren da aka fi yi shi ne uba ya gyara shafukan yara ya bar nasa a buɗe. Yaro sai ya koma na baba. Don haka ka sa wa naka Profile Lock, lamba huɗu ce, ka kuma kunna zaɓin da ke neman lambar kafin a ƙirƙiri sabon shafi. A Prime Video lambar biyar ce. Idan talabijin bai nuna canjin ba, fita daga shafin ka sake shiga.

Ga abin da yawancin iyaye ba su lura da shi ba. Alamar shekaru tsiraici take aunawa, da zagi, da shaye-shaye, da zubar da jini. Ba ta auna wa ke son wa. Bros da Bottoms da Fire Island duk suna da alamar R a Amurka, wadda ake ba fina-finan manya, don haka iyakar 13+ za ta tare irinsu. Amma Single All the Way na 2021, barkwancin Kirsimeti na samari biyu, alamar TV-PG gare shi, ta wanda yara za su iya kallo da sa idon iyaye, zai iya wucewa. Irin wannan sai da suna. Kafin ka yanke hukunci, nemi fim ɗin a shafin bayanan fina-finai na IMDb ka buɗe Parents Guide, inda ake lissafa abin da ke ciki fage-fage, ka kuma karanta taƙaitaccen labarin. YouTube na da Restricted Mode, sai dai a kowace na'ura ake kunna shi daban, kuma yana barin wasu su zille.

*Data nawa fim ɗaya ke ci? — Wata mai karatu daga Maraɗi*

Netflix ta ba da ƙiyasinta: ƙaramin inganci kusan 0.3GB a awa, matsakaici 0.7GB, HD har 3GB. A waya, zaɓin Save Data yana ba da kusan awa 6 a kan 1GB. Badhaai Do ya kusa awa biyu da rabi, wato kusan 400MB a Save Data, 1.7GB a matsakaici, sama da 7GB a HD. A allon waya da ƙyar ido zai raba matsakaici da HD. Ki sauke da dare idan layinki na da garaɓasar dare, ki zaɓi Standard, ki kuma kashe kunna kashi na gaba da kansa, don shi ke cinye data idan barci ya ɗauke mutum. Wasu fina-finan da aka sauke suna mutuwa awa 48 bayan an fara kallo.

Gajerun shirye-shiryen intanet sun fi sauƙi. Carmilla na Kanada, wanda ya fara a YouTube a 2014, mintuna kaɗan ne kowane kashi, kuma kyamara ɗaya ce a ɗakin kwanan ɗalibai. EastSiders ma a YouTube ya fara a 2012 kafin ya kai Netflix. Zangon farko na Special, na Ryan O'Connell, kashi 8 ne na kusan minti 15-15. Barkwancin Turanci da sauri ake yinsa, don haka ki kunna rubutun ƙasa, ki rage gudu zuwa 0.75.

*Ina rubuta barkwanci. Mu ma muna da ɗan daudu a fina-finanmu tun zamanin Ibro. Mene ne bambancin, kuma akwai abin da marubuci zai ɗauka? — Wani marubuci daga Kano*

Ɗan'uwa, bambancin yana wurin da aka ajiye dariyar. A yawancin fina-finanmu, har da fitowar marigayi Rabilu Musa a ɗan daudu, jikin mutumin ne abin dariya: karairaya, tafa hannu, zanin da aka ɗaura a ƙirji, habaici a bakin tukunyar abinci. Da ya shigo an yi dariya, da ya fita an manta da shi. Dostana ma haka ya yi. Ka kuma tuna daudanci ba fassarar abin da Turawa ke nufi ba ne. Tsohuwar sana'a ce da salon magana da zama cikin mata, mai nata tarihin a garuruwan Hausa.

Sauran fina-finan da muka lissafa sun ɗauke dariyar daga jikin mutum sun mayar da ita kan halin da ya shiga. Ƙirar kusan ɗaya ce tun La Cage aux Folles na Faransa a 1978, wanda Amurkawa suka maimaita a The Birdcage a 1996. Akwai sirri. Akwai baƙon da bai kamata ya sani ba, galibi suruki ko kaka. Akwai wa'adi, biki ko liyafar cin abinci, da ba za a iya ɗagawa ba. Ana yin ƙarya ɗaya, ita kuma ta haifi ta biyu da ta uku, kowacce ta fi ta baya tsada. Mai kallo ya san gaskiya, baƙo bai sani ba, wannan tazarar ce ke ba da dariya. A The Birdcage wanda ake yi wa dariya a ƙarshe shi ne sanatan da ya zo da girman kai, har ya fita daga gidan rawa sanye da kayan mata don gudun 'yan jarida.

Inda irin wannan rubutu ke lalacewa wuri biyu ne. Idan asiri ya tonu da wuri, sauran fim ɗin ya zama wa'azi. Idan kuma baƙon mugu ne zalla, ba mai tsoron ɓata masa rai, dariya ta mutu. Kakar The Wedding Banquet da uban Shubh Mangal Zyada Saavdhan, wanda Gajraj Rao ya fito, suna son 'ya'yansu, shi ya sa ƙaryar ke da nauyi. Wannan ƙira za ta ɗauki labarin mai ɓoye amarya ta biyu, ko wanda aka kora daga aiki yana fita kullum da jaka, ba tare da ka canja komai a ginin ba.

Batun kansa kuwa, ka san ƙasar da kake aiki. Dokar haramta auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga masu nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a ko gudanar da ƙungiyoyinta, ga kuma dokokin shari'a na jihohin Arewa. Fim ba ya shiga kasuwa sai da tantancewar hukumar tace fina-finai ta ƙasa, a Kano kuma da ta jiha, wadda aka kafa a 2001. Ìfé, fim ɗin soyayyar mata biyu da Pamela Adie ta shirya a 2020, bai bi ta sinima ba. Bayan gargaɗin hukumar ta ƙasa, a intanet aka sake shi a watan Disamba na shekarar.