Ku Tambayi Anti: Shaye-shaye ne ko ciwon ƙwaƙwalwa, wanne ake fara yi wa magani?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na ɗauko wannan karon, dukkansu akan abu ɗaya suke zagayawa, mutum yana shaye-shaye kuma ga lalurar ƙwaƙwalwa a tare. Na cire sunaye kamar yadda kuka roƙa.

TAMBAYA: Salam Anti, barka da ƙoƙari. Dan Allah ki ban shawara akan ƙanina, shekararsa 24, kusan shekara huɗu kenan yana shan wiwi da kodin, toh amma ni nasan tun kafin ya fara shan komai yaron nan ba daidai yake ba, baya bacci sai ya kwana yana zagaye ɗaki, baya son shiga mutane, akwai lokacin da ya daina zuwa makaranta wata guda cur ba wanda ya san dalili. Yanzu abin ya kai yana cewa wai ana zancensa, yana jin muryoyi. Mun kai shi wajen likitocin ƙwaƙwalwa suka ce ya je ya daina shaye-shayen tukunna sannan a dawo da shi, muka kai shi rihab, gidan da ake raba mutane da shaye-shaye, ya yi wata biyu, su kuma suka ce muryoyin ba aikinsu bane. Ya fito ko sati uku bai yi ba ya koma ruwa. Wallahi mun rasa inda zamu sa kanmu, wai wanne ake fara yi wa magani ne? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba shi lafiya. Amsar a taƙaice, ba a fara ɗaya a bar ɗaya, tare ake yi musu magani, lokaci guda, kuma in da hali a hannun mutane guda waɗanda suke magana da juna akan yaron. Wannan jeka-ka-dawo da aka yi muku tsohon tsari ne kuma ba ku kaɗai aka yi wa ba, duniya ta daɗe tana yinsa kafin a gane cewa marasa lafiya a tsakiya suke faɗawa. Ki duba fa, yaro yana shan kodin ne don ya samu ya rintsa, don kansa ya yi shiru, sai a ce masa ya ajiye kwalbar sannan ya zo a duba rashin baccin, toh ai kamar a ce wa mai karaya ya taka da ƙafarsa zuwa inda za a yi masa ɗori ne. Su kuma masu rihab sun raba shi da abin da yake sha wata biyu, sun bar masa abin da ya sa yake sha, dole ya fito ya tarar da shi yana jiransa a bakin ƙofa.

Kuma wannan haɗuwar ba baƙon abu bace sam. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ce kusan rabin mutanen da suka taɓa fama da shaye-shaye a rayuwarsu sun taɓa fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, haka ma in an juya. Wani damuwar ce ta fara ya nemi abin da zai danne ta, wani kuma shan ne ya fara ya taso da ciwon, ita wiwi musamman mai ƙarfi in ana shanta kullum tun da ƙuruciya an tabbatar tana ƙara haɗarin jin muryoyi da zargin mutane. Wani lokacin ma ba a iya raba su a ranar farko, likitoci kan duba ne su ga in mutum ya yi kamar wata guda bai sha komai ba, shin muryoyin sun tafi ko suna nan, in suna nan toh ciwo ne mai zaman kansa. Amma ba wai a zauna a naɗe hannu har watan ya cika ba, wanda yake jin muryoyi yau maganin muryoyi yake buƙata yau. Abin da kika faɗa na cewa tun kafin ya fara sha baya bacci, baya shiga mutane, ki riƙe shi da kyau ki faɗa wa duk likitan da kuka je wajensa, wallahi wannan bayanin naki ya fi gwajin jini da yawa amfani, don shi ƙaninki ba lallai ya iya tunawa ba.

Sai maganar inda za a yi maganin, kuma nan nake so in ɗan daɗe. Mu dai a tunaninmu magani shi ne a ɗauke mutum a kai shi wani waje a rufe, ya daɗe, ya dawo sabo fil. Kwantarwa tana da ranarta, in mutum zai cutar da kansa ko wani, ko jikinsa zai shiga haɗari wajen yanke shan, toh a kwantar da shi. Amma kwantarwa ta kwanaki ce ko makonni, shi kuwa ciwon na shekaru ne, kuma inda ake cin nasara ko a faɗi shi ne cikin gida, cikin unguwa, inda abokan shan suke, inda zaman banza yake, inda ake yi masa gori. Shi yasa ake maganar magani a cikin al'umma, wato mutum yana kwana a gidansu, yana zuwa asibiti na kusa ana ba shi magani ana duba shi duk sati ko sati biyu, akwai wanda yake zama da shi suna tattaunawa, akwai taron 'yan'uwansa masu irin matsalar, ana jawo iyali ciki, ana taimaka masa ya koma karatu ko sana'a. A farkon shekarun 1970 a garin Madison na Amurka wasu ma'aikatan asibitin ƙwaƙwalwa suka lura marasa lafiyarsu suna warkewa a gado, ana sallamarsu su dawo, ana sallama su dawo, sai suka ce toh bari mu mu fita mu bi su, likita da nas da ma'aikacin jin daɗin jama'a suka zama tawaga ɗaya suna zuwa har inda mutum yake zaune, kuma komawa gadon asibitin ta ragu, yanzu ƙasashe da dama sun ɗauki tsarin. Italiya ma a 1978 ta yi dokar rufe manyan gidajen da ake tsare masu taɓin hankali, aikin da likita Franco Basaglia ya jagoranta daga garin Trieste, aka maida kulawar ƙananan cibiyoyi cikin gari.

Kar ki ce ai wannan sai ƙasashe masu kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2008 ta fito da shiri na koya wa likitoci da nas-nas na ƙananan asibitoci yadda za su kula da ciwon damuwa da taɓin hankali da farfaɗiya da shaye-shaye ba sai ƙwararre ba, saboda ƙwararrun sun yi kaɗan a kusan ko'ina. A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda tsofaffin mata ya horar suna zama akan benci a harabar asibiti suna sauraron masu yawan tunani, aka gwada aka ga yana aiki. Ni wannan labarin yana taɓa min zuciya duk sanda na tuna shi, don ya nuna rabin maganin shi ne a samu wanda zai zauna da kai ya ji ka ba tare da ya yi maka tsawa ba.

Toh abin yi, ki koma wajen likitan ƙwaƙwalwa, ko wani daban in wancan ya tsaya akan bakansa, ki tambaya kai tsaye, za ku duba shi duk da bai gama dainawa ba? Wa zai riƙa bibiyarsa bayan yau, yaushe zamu dawo, in ya sake sha za ku kore shi ne ko za ku ci gaba? Duk inda suka ce in ya sha sau ɗaya sun sallame shi, ba wajenku bane. Kuma in kin ji yana maganar gara ya mutu ko ya gaji da duniya, ki tambaye shi ƙarara ko yana tunanin kashe kansa, tambayar bata sa wa mutum tunanin, in ya ce eh kar a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a tafi asibiti a ranar.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ɗana giya yake sha kullum ya haɗa da diyazifam, babansa ya ce ya gaji zai kulle shi a ɗaki ko ya sa a ɗaure shi har sai abin ya fita daga jikinsa. Ni zuciyata bata kwanta ba amma kuma bani da abin da zan ce masa. Daga wata uwa.

AMSA: Mama, zuciyarki ta gaya miki gaskiya, dan Allah ki hana. Cikin duk kayan shaye-shaye waɗannan biyun, giya da dangin diyazifam, wato ƙwayoyin sa bacci da kwantar da fargaba, suna cikin waɗanda yanke su farat ɗaya zai iya kashe mutum. Wanda jikinsa ya saba da giya kullum, awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe zai fara karkarwa da gumi, cikin kwana biyun farko zai iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, wajen kwana na biyu zuwa na huɗu wasu sukan rikice gaba ɗaya, zazzaɓi, gane-gane, bugun zuciya, a nan ake rasa rai in ba likita a kusa. Shi kuma diyazifam a hankali ake rage shi cikin makonni, wani har watanni, likita ne yake tsara ragin. Toh ki ɗauka duk wannan ya same shi a ɗaki kulle ba wanda yake gani.

Shi Baban nasa ba mugunta bace, gajiya ce da tsoro, ki same shi da wannan fahimtar. Amma ɗauri baya magani, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch a 2020 ta ba da rahoton yadda ake sanya wa masu lalurar ƙwaƙwalwa sarƙa a ƙasashe 60, abin da ake samu rauni ne a jiki da tsoro da ƙiyayya, kuma yaron da aka ɗaure ranar da yake cikin matsala ta gaske ba zai zo wajenku ba. Ki kuma sa a bincika me yasa diyazifam ɗin, sau da yawa akwai fargaba ko rashin bacci ko wani abu da ya taɓa faruwa da shi wanda bai faɗa wa kowa ba.

A gida kuma akwai abin da ke hannunku. Ku daina yi masa magana yana cikin maye, ba ji yake ba, ku bari da safe in ya dawo hayyacinsa, magana gajera, ba tarihin laifukansa tun daga farko ba. Ranar da ya wuni garau ku nuna masa kun gani, ku ja shi jiki. Kar ku riƙa biya masa bashin shan ko yi masa ƙarya a wajen aiki. Akwai tsarin horar da iyali akan daidai wannan da masana suka gwada, kuma ya fi tsawa da taron dangi saurin kai mutum ga amincewa ya je asibiti da ƙafarsa. Ke ma ki samu wanda za ki riƙa faɗa wa damuwarki Mama, wannan kayan ya fi ƙarfin kai ɗaya.

TAMBAYA: Anti ni wata biyar kenan na bar tiramadol, likita ya ɗora ni akan maganin difireshon, wato ciwon damuwa, amma wasu a taron da nake zuwa sun ce wai ƙwaya na canza da ƙwaya. Kuma gaskiya satin da ya wuce na sha sau ɗaya, ban faɗa wa kowa ba, ji nake duk wahalar ta tashi a banza. Daga wani matashi.

AMSA: Ƙanina, wata biyar ba wasa bane, sannu da ƙoƙari, kuma na ji daɗi da ka faɗa min. Maganin damuwa baya sa maye, baya sa ka riƙa neman ƙari kullum, ba ɗaya suke da tiramadol ba ko kusa. Irin wannan taron na masu taimakon juna tun 1935 aka faro shi a Amurka kuma ya riƙe mutane da yawa, ka ci gaba da zuwa, amma su abokan tafiya ne ba likitoci ba, kar ka ajiye magani akan maganar kowa, in ma za a daina a hankali ake ragewa. Kai har masu fama da dangin kodin da hodar hiroyin akwai magungunan da ake ɗora su akai na dogon lokaci, metadon da bufirenofin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin magunguna masu muhimmanci tun 2005 saboda suna hana mutuwa.

Shan da ka yi sau ɗaya bai goge wata biyar ba, kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na masu magani sukan zame, kusan yadda masu hawan jini da asma suke yi da nasu. Amma ka faɗa wa likitanka a satin nan, don dalili biyu masu nauyi. Tiramadol shi kansa yana sa jijjiga, in ya haɗu da maganin damuwa haɗarin yana ƙaruwa har da zazzaɓi da rikicewa. Sannan jikinka yanzu ba jikin da bane, adadin da kake sha a baya ka tashi lafiya yanzu zai iya tsayar maka da numfashi, shi yasa waɗanda suka daina suka koma suka fi shiga haɗari. Ka tambaye shi akan naloksan, maganin da ake farfaɗo da wanda dangin wannan ƙwayar suka danne wa numfashi, ko za a iya samun a ajiye a gida wani naka ya koyi amfani da shi. Kafin ka je, ka zauna ka tuna ranar da ka sha, da wa kake, me ya faru da safen, ka yi bacci a daren ko baka yi ba, ka rubuta a takarda ka tafi masa da ita.