Filin Lafiyarku: Man wiwi zai raba ɗana da farfaɗiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Kumo. Ɗana na biyu shekararsa 9, tun yana ɗan shekara 5 yake fama da farfaɗiya. An ɗora shi a kan carbamazepine, abin ya lafa kusan shekara biyu, amma yanzu ya dawo, a wata yakan faɗi sau biyu ko uku. Ba zan ɓoye miki ba, rabonmu da asibiti an daɗe. In magani ya ƙare sai in kai kwalin kemis a ba ni irinsa, wani lokacin ma akan yi kwana uku huɗu babu kafin albashi ya shigo. Da Sallah ƙanin maigidana ya zo daga Legas da wata 'yar kwalba, ba ta da lambar NAFDAC, ya ce man wiwi ne, a riƙa ɗiga masa a ƙarƙashin harshe, wai da shi Turawa suke warkar da 'ya'yansu. Har bidiyo ya nuna mana a waya. Maigida ya karkata, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. In ba shi?
Daga wata uwa a Kumo.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba yaro lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Kwalbar nan ki ɗora ta can saman sif inda hannun yara ba ya kaiwa, kar ki ɗiga masa ko ɗigo ɗaya. Amma kar ki ɗauki ƙanin mijinki a maƙaryaci. Gaskiya ya ɗauko, sai dai ya baro rabinta a hanya.

Bidiyon da ya nuna muku, ko ban gani ba, na san gindin zancen. Wata yarinya ce a jihar Kolorado ta Amurka, sunanta Charlotte Figi, mai wata irin farfaɗiya mai tsanani da ake kira Dravet. Takan yi jijjiga kusan sau 300 a mako, an gwada magunguna sun gaza. Iyayenta suka koma ba ta man wata irin wiwi, faɗuwar ta ragu ƙwarai, tashar CNN ta yaɗa labarinta a 2013, duniya ta ɗauka. Yarinyar ta rasu a 2020 tana da shekara 13.

Abin da bidiyo ba ya tsayawa ya faɗa shi ne ganyen wiwi ba abu guda ba ne. Akwai sinadarai sama da 100 'yan dangi guda a cikinsa, biyu ne suka yi suna. Ɗaya THC, shi ne mai bugarwa, shi ne yake sa yaro ya zauna a bakin kwata yana dariya shi kaɗai. Ɗayan CBD, ba ya sa maye. Man da aka ba Charlotte mai yawan CBD ne, THC ɗin cikinsa kaɗan ne ainun. Daga baya wani kamfani a Ingila ya tace CBD ɗin tas, ya mayar da shi magani mai suna Epidiolex, ana auna shi da sirinji bisa nauyin yaro. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Yunin 2018, ba don kowace farfaɗiya ba: don Dravet da wata mai suna Lennox-Gastaut, sai a 2020 aka ƙara ta uku. Dukansu irin waɗanda ke farawa tun ana ƙanana ne, su zo da faɗuwa ba ƙaƙƙautawa, galibi su taɓa magana da koyon yaro, su kuma gagari magungunan da aka saba.

Ko a cikin waɗannan yaran, "warkarwa" ta yi wa abin yawa. A gwajin da aka buga a 2017 kan masu Dravet su 120, waɗanda aka ba CBD jijjigarsu ta sauko daga kimanin sau 12 a wata zuwa kimanin sau 6. Kashi 5 cikin 100 ne kawai suka daina gaba ɗaya a makonnin gwajin. Kuma ba a cire musu magungunansu na da ba, ƙari aka yi a kai. Wasu sun yi gudawa da amai, wasu barci ya yi musu yawa, wasu hantarsu ta nuna alamar wahala, musamman masu shan valproate, wanda mu a nan muka fi sani da Epilim. Shi ya sa mai shan CBD ɗin ake ɗibar jininsa a kai a kai ana duba hanta. Ga uwar da ɗanta ke faɗuwa kullum, a rage rabi ba ƙaramin abu ba ne, ban raina ba. Amma ɗanki, a yadda kika kwatanta shi, bai yi kama da waɗannan yaran ba. Ai kin ce ƙwaya guda ta riƙe shi kusan shekara biyu.

Sai ita kanta kwalbar. Wa ya san abin da ke ciki? A can Amurkar ma, a wani bincike da aka buga a 2017, masu binciken sun sayi kayan CBD iri 84 ta intanet suka auna, kashi 31 cikin 100 ne kawai abin da aka rubuta a jiki ya yi daidai da na ciki, kuma an sami THC a 18 daga cikinsu. To ina ga kwalbar da ta biyo motar dare daga Legas, ba lamba, ba sunan mai yi? Sayen kifi a ruwa ke nan, kuma da ƙwaƙwalwar ɗan shekara 9 za a gwada. Ga kuma doka: har yau noman wiwi, sayar da ita da riƙe ta laifi ne a ƙasar nan, jami'in NDLEA a shingen hanya ba zai saurari zancen bidiyo ba. Hukuncinta a addini kuwa na bar wa malamai, nasu ne.

Yanzu bari mu koma kan wasiƙarki, don amsar tana ciki, ke ce ma kika rubuta ta da hannunki.

Na kusa shekara 20 ina bayan kanta ina ba da magani a Gombe, kuma abin da kika kwatanta kusan kullum sai na gan shi. Uwa ta kwance bakin zani ko ta zuge jaka, ta fito da kwali da ya yi laushi don tsufa, rubutun jikinsa ya kusa gogewa, ta ce "irin wannan za a ba ni." In tambaye ta yaushe likita ya rubuta, sai ta ɗaga kai tana lissafi da haihuwar ƙanensa. Maganin farfaɗiyar yara bisa nauyi ake auna shi. Yaron da aka ɗora a sikeli yana ɗan shekara 5 ba shi ba ne wannan mai shekara 9 da ke cinye malmala biyu. Rigarsa ta wancan lokacin ai kin daɗe da ba ƙaninsa. Yaro ya girma, maganinsa bai girma ba.

Na biyu, kwana uku huɗun nan na jiran albashi. Na san ba ganganci ba ne, na san yadda ƙarshen wata yake. Amma maganin nan ba irin panadol ba ne da ake sha in ciwo ya motsa. Aikinsa shi ne ya zauna a jini daidai wa daida, dare da rana. Da an tsallake, ya sauka, ƙofa ta buɗe. Yankewa farat ɗaya ma kan jawo jijjiga mai tsawo da ba ta tsayawa, wadda ke iya kisa. Ki duba kalanda, ina kyautata zaton ranakun faɗuwarsa ba su yi nisa da ranakun da kwali ya zama wayam ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba faɗuwa in an gano ciwon daidai aka ba su magani yadda ya kamata. Da waɗannan ƙwayoyin namu na yau da kullum fa, phenobarbitone, carbamazepine, Epilim da sauransu.

Ba a takarda kawai na san wannan ba. Ƙanina da ke bi na yana da ita. Muna yara a Jekadafari aka ware masa kwanonsa da kofinsa, wai in yawunsa ya taɓa mutum zai ɗauka. Ba a ɗauka, ko kaɗan. Ranar da ba na mantawa, ya faɗi a tsakar gida kusa da murhu, mata suka watse kowa na salati daga nesa, ba mai son taɓa shi, hannunsa na dama a kan garwashi. Da wata maƙwabciya ta yi ta maza ta zo, cokali ta ɗauko ta danna masa a baki, haƙorinsa na gaba ya tafi. An yi hayaƙi, an yi rubutu, an kai shi har ƙauyen da ban san sunansa ba. Abin da ya tsayar da faɗuwar daga ƙarshe 'yar farar ƙwaya ce da Inna take ba shi kowane dare bayan isha'i, ba fashi, tana ajiye ta a gwangwanin madara a ƙarƙashin filo. Yau tela ne, da matarsa da 'ya'ya uku, tabon ƙunar yana nan a hannun da yake riƙe almakashi. Addu'a ba mu taɓa dainawa ba, ƙwayar ma haka.

Don haka a makon nan ki kai shi asibiti, nan Kumo ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ɓangaren yara. A auna nauyinsa, ki faɗa wa likita komai har da ranakun tsallake, kar kunya ta hana ki. Ki tafi da kwalin da kwalbar Legas ɗin duka. Ki ware littafi irin na ɗalibanki kina rubuta ranar da ya faɗi, lokaci, minti nawa, ko da zazzaɓi, ko ya kwana kallo bai yi barci ba. In da hali wani ya ɗauki bidiyon faɗuwar a waya, ya fi dogon bayani amfani a wurin likita, don irin faɗuwar ce take nuna irin maganin da ya dace. Ki tambaya ko yana buƙatar awon ƙwaƙwalwa na EEG. Ranar da albashi ya shigo, kafin shinkafa, ki sayi na wata guda da ɗoriyar mako, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin da ƙanin miji ya kashe a kwalba, ki lallaɓa shi ya riƙa turo irinsa don wannan.

In ya faɗi: ki kawar da wuta da duk abin da zai ji masa ciwo, ki sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, ki juya shi ta gefe, kar a danne shi, kar a sa komai a baki, ko ruwa. In ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, sai asibiti.

TAMBAYA: Anti, shekarata 24, ina shan Epilim. Abokaina sun ce in riƙa busa ganye da dare yana kwantar da ciwon, kuma gaskiya ina samun barci. Ina ɗan taɓa acaɓa. Akwai matsala?
Daga wani matashi a Bolari.

AMSA: Akwai, ƙanina, har guda biyu. Abin da ake naɗewa a takarda an noma shi ne don THC, don ya bugar, ba don CBD ba. Wanda kuke kira Kolos ko Kolorado kuwa sinadaran haɗi ake fesa wa ganye, kuma an san su da jawo jijjiga ga wanda ma bai taɓa yi ba. Sunan kawai suka haɗa da jihar su Charlotte. Sannan wanda ya yi mankas da dare shi ne mai manta ƙwayarsa. Ka faɗa wa likitanka kana sha, ba kama ka zai yi ba, kuma ka gaya masa barci na ba ka wahala, akwai abin da za a yi.

Ta biyun ta fi tayar min da hankali. Ka ajiye mashin ɗin nan har sai likita ya ce ka hau. Ka tuna ba kai kaɗai ba ne a kai, akwai matar wani a bayanka da goyo. Haka wanka a kogi ko zuwa Dadin Kowa da abokai a shiga ruwa, ka haƙura tukuna. Ka rubuto min bayan ka ga likita, ka faɗa min rabonka da faɗuwa wata nawa.